Jar Alama a Gidan Rabo

Duk wanda ya buɗe shafin sana'ar Rekiya a waya zai ga hoton daddawa baƙa wuluk a kan faifai, da lambarta, sai ƴar taswira a ƙasa mai jar alama kamar kan ashana. Aikin alamar shi ne ta nuna wa mai saye inda mai kaya take. Amma ta Rekiya ba ta nuna Dutsin-Ma, inda suka shekara uku ita da Innarta a ɗakuna biyu na haya. Gidan Rabo take nunawa, wani ɗan ƙauye mai gida tara can cikin dajin Barkiya, wanda yanzu ko kukan kaza ba a ji a cikinsa.

Yayanta Mamuda ne ya dasa alamar, tun suna can. Ranar ya hau katangar gidansu yana neman sabis, Baba na ƙasa yana ce masa ya sauko kafin ya rushe masa gini. Damina ɗaya bayan haka kwanciyar hankali ta ƙare a dajin. Aka koma kwana a cikin dawa, daga baya kowa ya ɗaure kayansa. Baba bai cika shekara a Dutsin-Ma ba Allah ya karɓi abinsa.

Bayan rasuwar ne, wata rana yatsanta ya taɓa alamar ba da niyya ba. Sai taswirar ta buɗe, ta koma hoton ƙasa wanda aka ɗauka daga sama. Tsohon hoto ne. Ga rumbunansu uku da jinkarsu. Ga rufin ɗakin Inna, ga hanyar rijiya siririya kamar zare, ga ɗorawa biyar a gonarsu, waɗanda da kalwarsu ta koyi sana'a. A ƙofar gida kuma, gefen inuwar darbejiya, ga wani ɗan farin ɗigo.

Mamuda ya ce akuya ce, ko dutse. Rekiya ba ta yi masa musu ba. Ita dai ta san Baba ne yake shimfiɗa buzu a wurin da farar riga.

Tun daga nan, kullum idan ta gama shanya ta wanke hannu, sai ta zauna a bakin ƙofa ta danna alamar. Ta shiga gida, ta fita ta bayan rumbu, ta bi hanyar rijiya, ta zaga ɗorawa ɗaya bayan ɗaya. Rabin datar da take saye don tura wa masu saye hotuna, a Gidan Rabo take ƙarewa.

Ranar wata Litinin da hantsi saƙon murya ya shigo daga Hajiya Halimatu Sa'adiya, mai gidan abinci a Katsina, wadda ta fi kowa sayen daddawarta.

"Rekiya ƴata, kin ba ni kunya yau. Na turo direba, ya bi taswirarki har ya sauka daga kwalta a wajen Kurfi, mutane suka tare shi suka ce ina za shi, ko ya gaji da duniya ne. Ya dawo mini hannu rabbana yana ta faɗa. Kuma mata huɗu na ba shafinki, kowace ta ga daji ta ja da baya. Ki gyara abin nan kafin Laraba. In ba haka ba, ki yi haƙuri, zan nemi wata. Ki gaida Inna."

Rekiya ta saurara sau biyu, ta kife wayar a kan tabarma. Daddawar nan ita ce cinsu, ita ce maganin idon Inna. Ta san haka. Amma ta san wani abu kuma: Gidan Rabo ba shi da suna a taswira. Ta taɓa rubuta shi a wurin nema, harafi bayan harafi, wayar ta kai ta wani gari da ba ta taɓa ji ba. Idan alamar ta tashi, daji ne kawai zai rage, kore da ja, ko'ina iri ɗaya.

Da azahar Mamuda ya jingine babur ɗinsa na haya a ƙofar gida, ya shigo neman abinci. Ta kunna masa saƙon.

"Ai na faɗa miki tun bara," in ji shi, bakinsa cike da ɗanwake. "Hajiyar daddawa, shago a birni, adireshi a dawa. Wa zai je saye can, birai?"

"Yaya, ka bari."

"Kawo nan. Abin minti ɗaya ne. Kin ga wannan ƴar da'irar? In na danna, tsalle ɗaya alamar za ta yi ta faɗo tsakar gidan nan."

Ta riƙe wayar da hannu biyu. "In ta yi tsalle, ta ina zan koma?"

Ya dube ta, ya daina tauna. "Sai in ɗaukar miki hoton fuskar wayar, ki ajiye. Ki yi ta kallon akuyarki."

"Hoto ba ya tafiya. Ba zan iya fita rijiya a cikinsa ba."

Mamuda ya buɗe baki zai yi wata tsokanar, sai ya fasa. Ya suɗe hannu, ya nuna mata inda ake shiga a gyara wurin sana'a. Ya ce alamar a tsakiya take tsayawa, ƙasar ce ke tafiya a ƙarƙashinta idan an ja da yatsa, in an isa inda ake so sai a danna koren gurbin da ke ƙasa.

"Ni na tafi, fasinja na jira," ya ce. A bakin zaure ya tsaya. "Kin san dai rumbunan nan sun faɗi tun tuni ko? Rabe maƙwabcinmu ya leƙa da rani."

"Na sani, Yaya."

Inna tana zaune a inuwar bango tana tsince kalwa da lalube, don idonta ya yi hazo, wayar ma haske kawai take gani. Da ƙarar babur ta yi nisa, sai ta juyo wajen Rekiya.

"Ke, mi ya hana ki bi hanya?"

"Wace hanya, Inna?"

"Wadda muka biyo. Ko tsalle muka yi muka zo nan? Matso kusa. Kina ƙofar gida?"

Rekiya ta matsa har gwiwarsu ta haɗu. Ta buɗe wurin gyaran. "Ina ƙofar gida."

"To ki ba darbejiya baya, ki bar rijiya a hannun hagu. Za ki ga turbar shanu."

Rekiya ta ɗora yatsa ta ja a hankali. Farin ɗigon ya zame zuwa gefe, ya kai bakin gilashi, ya fita. Ba ta ɗaga yatsan ba.

"Na ga turbar."

"Bi ta har ƙorama. Inda yashi ya yi faɗi, nan ake tsallakawa, nan jakin Malam Ummaru ya kwanta mana da kaya ya ƙi tashi."

"Ga yashin."

"Haye. Akwai kuka biyu kamar tagwaye, ki shiga tsakaninsu."

Haka suka yi ta tafiya. Inna na faɗi, Rekiya na nema. Wani wurin sai ta ware yatsu biyu ta kusanto da ƙasar kafin ta gane. Suka wuce fakon da ake sussukar gero. Suka wuce makarantar da Rekiya ta yi aji huɗu, rufinta na kwano yana ƙyalli. Sau ɗaya sabis ya ɗauke, fuskar wayar ta yi fari fat, suka jira har ƙasar ta dawo. Daga nan baƙin layin kwalta ya bayyana, ga Kurfi da rumfunan kasuwarta a jere, inda suka kwana biyu a zauren wani Alhaji mai hatsi kafin su sami mota.

"Daga nan ba sai na gaya miki ba," in ji Inna. "Kwalta ba ta ɓad da mutum."

Rekiya ta gangara da titi har duwatsun Dutsin-Ma suka fito. Ta nemo masallacin unguwarsu, ta ƙirga lungu biyu, ta tsayar da alamar a kan wani rufin kwano da ba shi da bambanci da na maƙwabta. Babu itace ko ɗaya a kusa da shi. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta danna koren gurbin.

Ta aika wa Hajiya saƙo, muryarta ƙasa-ƙasa: "Hajiya, na gyara. A yi haƙuri. Allah ya kai mu Larabar."

Ba ta ajiye wayar ba. Ta sake buɗe taswirar, wannan karon ba alamar da za ta bi. Ta hau kwalta ta nufi Kurfi, ta sauka, ta wuce makaranta, ta wuce fako, ta shiga tsakanin kukoki. A ƙorama ta rikice. Turba biyu ta gani a ƙetare, kowace ta nutse cikin daji.

"Inna, hanya ta rabu."

"Ta dama ta masu itace ce. Ɗauki ta hagu."

Ta ɗauki ta hagu. Ta ja, ta ja, sai ga rijiya. Sai ga jinkar rumbu ɗaya, biyu, uku. Ta tsaya a ƙofar gida, inda farin ɗigon yake.

Inna ta ci gaba da tsintar kalwarta. Can ta tambaya, ba tare da ta ɗago kai ba.

"Yana nan?"

"Yana nan, Inna."

"To bar shi ya sha inuwarsa. Tashi ki kwashe shanyar nan, ina jin ƙamshin hadari."