Kwandalar Des Mai Jan Fenti

Shekara goma sha ɗaya Beryl Kowalick tana yi wa maƙwabcinta Merv Tregoning tsiya ta saman shinge. Tun da ya ajiye tuƙin bas, Merv ba shi da aiki sai zuwa banki duk Talata ya canzo ƙunshin kwandaloli, ya baje a tebur, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da gilashinsa yana neman wadda aka yi kuskure wajen bugawa. In ya gama ya mayar ya karɓo wasu.

"Yau ma tonon ake yi, Merv?" in ji ta. "Ai ko kajina sun fi ka samu."

Sai ga ta ranar Laraba a ƙofarsa, ba tsiya ba dariya. Wata uku ke nan da rasuwar mijinta Des. Jiya ta kwashi kwalbar canjinsa ta kai banki ta juye a injin ƙirga kuɗi, sai da ta kwana ta tuna kwandalarsa ta santi ashirin tana ciki. Da ita suke raba gardama tun aurensu. Des ya cilla sama, ya cafe a bayan hannu, abin da ya fito shi ke nan, ya mayar aljihu.

"Tana da ɗigon jan fenti a baki," ta ce. "Don Allah ka nemo min ita. Na san na sha yi maka rashin kunya."

"Kin sha kam," in ji Merv, yana neman hularsa.

Banki ɗaya ne tal a garin, kuma ranar Juma'a mota ke kwashe rarar kwandaloli zuwa birnin Adelaide. In ta shiga motar nan, sai dai labari. Narelle ma'aikaciyar bankin ta dube shi ta saman tabarau da ya ce duk 'yan santi ashirin ɗin da ke bankin yake so.

"Duka? Baba Merv, da baro ka zo?"

Sawu uku ya yi. Ya wuni Laraba, ya wuni Alhamis, yatsunsa suka yi baƙi ƙirin, ƙugunsa kamar zai balle. A ƙunshi na ɗari da sittin da wani abu, rana ta yi sanyi, ya hango jan fentin. Ya yi wata 'yar ƙara shi kaɗai, har karensa ya ɗago kai.

Hannu ya riga ya saba, sai ya juya ta. Kan Sarauniya. Ya sake juyawa. Kan Sarauniya! Dabbar nan mai bakin agwagwa da ya kamata ta kasance a baya babu ita. Ya sake ta a tebur, maimakon ta yi ƙara sai ta ce ɗif. Ya sa gilashi, ga siririn layin haɗi nan ya zagaye bakinta. Ba kuskuren bugu ba ne. Kwandala biyu aka fafe aka manne, irin ta 'yan dabo.

Ran Merv ya ɓaci ƙwarai. Des! Des da suke shan giya tare duk Asabar, ashe shekara arba'in da ɗaya yana damfarar matarsa a cikin gidanta. Yanzu ita baiwar Allah tana can tana kukan wannan abar. In ya miƙa mata, dole ta juya ta gani. Ya yi tunanin ya ce mota ta tafi da ita. Amma shi mutum ne da ya sha gaya wa mutane ido da ido cewa abin da suka ɓoye shekaru jabu ne, bai iya ƙarya ba, kuma tsufa ba lokacin koyo ba ne.

Da safe ya same ta a kicin tana haɗa shayi. Ta ga fentin, ta damƙe kwandalar a ƙirji.

"Beryl, zauna. Akwai magana. Duba bayanta."

Ta duba. Ta juya, ta sake juyawa.

"Ta 'yan dabo ce," ya ce, kansa a ƙasa. "Ko sau dubu aka cilla, Sarauniya za ta fito. Ki yi haƙuri. Ban so ki san ya cuce ki ba."

Beryl ta ɗago kai ta dube shi.

"Wa ya ce maka shi ke kiran Sarauniya?" ta ce a hankali. "Cewa yake Sarauniya mace ce, tawa ce. Shi kuwa kullum dabba mai bakin agwagwa yake ɗauka."

Ta sake juya kwandalar a tafin hannunta, ta ci gaba.

"Wanke-wanke, hutu, sunan 'yarmu, duk ni ke cinyewa. Har lokacin da mamana ta kwanta, na ce mu dawo garin nan, shi kuwa an ba shi babban aiki a Adelaide. Muka cilla, na ci." Ta share ido da bayan hannu, dariya da kuka suka haɗe mata. "Ya dinga mita wata guda, wai bai taɓa ganin mace mai sa'a irina ba. Ni kuwa na yarda, Merv. Har gori nake yi masa."