Ganyen da Rafi'u ya tsinko

Ni dai tun ranar da Rafi'u ya fara zuwa zance wurin Yaya Zubaidatu na ce da magana. Mutum ya shigo unguwarmu Balad da rana tsaka sanye da kwat. A Jidda fa. Yana sharar zufa yana cewa "akshuwali".

Wai ɗan Kano ne, bara ya zo, aikinsa "konsaltin". Na ce mene ne konsaltin, ya ce ba zan gane ba. Da gaskiyarsa. Ni firamare ma ban gama ba, sauran karatuna a waya na yi shi, da allunan shagunan Bab Makka inda nake yi wa mata lalle.

Ga yadda muke. Baba direba ne, kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya ce baɗi ba zai sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, ba, mu kuma duk a ƙarƙashinta muke. Sudan da su Umma suka fito ba wurin komawa ba ne yanzu. Ana cikin haka sai ga Rafi'u da gida a Kano, "famili haus", mai ƙatuwar kuka a tsakar gida wadda kakan kakansa ya shuka. In an ɗaura aure can zai kai Yaya. Kawunsa ya aiko, Baba ya ce a ji ta bakin Umma, Umma ta ce a bari Juma'a ta wuce.

Shi ne Rafi'u ya kawo shawarar yawon buɗe ido. Wai akwai wani kwari can kudu, gaba da garin Lis, mai manyan tsofaffin itatuwa, har da kukar da alhazan ƙafa suka shuka a zamanin da. Yana so Yaya ta ga irin inuwar da za ta zauna. Umma ta ce to, ta ɗauki tabarma da shayi. Ita da Yaya a baya, ni a gaba, tunda ƙanwa ba ta jin kunyar kowa.

Da safe ya ce bari mu sayi burodin tamis a unguwar Ruwais. Bai buɗe taswirar waya ba. Ya bi wani lungu, ya faɗa wani, ya kauce wa wani rami kafin ma a gan shi. Mai burodin yana ɗago kai ya washe baki.

"Hala, ya walad Hind! Fenak?"

Wato ɗan Hind, ina ka shige. Rafi'u ya miƙo mini burodin da sauri har ya ƙona ni.

Na ce, "Wace ce Hind, angonmu?"

"Ya ɗauka wani ne. Yu no, duk kama muke yi musu."

"Shi ma ai baƙi ne."

"Mastura, ci burodinki," in ji Yaya daga baya.

Muka kama hanya. Teku a damanmu, shuɗi har ya gaji, raƙuma suna tsaye a bakin ruwa kamar masu jiran bas. Wurin da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma ni rabin idona yana kan direba. Ya yi mana bayanin tarihin Bahar Maliya, da amfanin iskar teku ga huhu, da yadda ake zama da mace a "sibilaizd famili". Yaya tana kallonsa ta madubi, shi ma yana kallonta, ni ina kallon hanya a madadinsu.

Sai wata tirela ta yanke mu. Rafi'u ya leƙa da kai ta taga ya zuba wa direban Larabci. Ba Larabcin makaranta ba. Irin zagin da sai wanda ya tashi yana buga ƙwallo a lungunan Jidda ba takalmi. Har kakar mutumin ya taɓa.

Na ce, "Masha Allah. A shekara guda?"

"Ina da saurin ɗaukar yare."

Da muka tsaya sallar azahar na ja Yaya gefe. Ta ce na cika zargi, ta ce ai ta ga iƙamarsa, Najeriya aka rubuta. Na ce tawa ma Sudan aka rubuta, ban taɓa taka ta ba. Ta ce halas, ya isa, in ƙyale ta, ba ni ce nake kwana da tunanin baɗi ba. Muka koma mota.

Muka bar kwalta muka shiga kwarin. Itacen kuwa yana nan. Mu huɗu da za mu haɗa hannu ba za mu zagaye gindinsa ba, inuwarsa kamar rumfar kasuwa. Rafi'u ya fita ya rungume shi, ya manna kunci.

"Sak ta gidanmu! Zubaida, ga kukarki. Ɗauke ni bidiyo."

Ni da Yaya a Jidda aka haife mu. Miyar kuka mun sha ta tun muna rarrafe, amma kukar da muka sani gari ce a leda, daga shagon 'yan Nijar. Ba mu taɓa ganin itacen ba. Na dafa gindin, wai ni ga 'yar gida ta dawo.

Umma ta shimfiɗa tabarma ta zauna. Ta ɗauki ganye ɗaya da ya faɗo, ta juya shi, ta ɗan tauna, ta cire ta ajiye a gefe.

"Malam," ta ce, don ba ta kiran sunansa, "tunda Allah ya kawo mu, a tsinko mana ganye mana. Na gaji da ta leda."

"An gama, Umma. Ku zauna kawai."

Ya tuɓe kwat, karo na farko da na ga hannun rigarsa. Ya taka bayan mota ya kama reshe. Umma ta ba ni buhun shinkafar da muka zubo kaya a ciki, in riƙe masa.

"A gidanku ɗanye kuke kaɗawa ko sai an shanya?"

"Duka biyun, Umma. Ya danganta da sizin."

"To madalla. 'Ya'yanta fa, ka gani a sama?"

Ya nuno wasu 'yan ƙanana kamar dabino. "Ga su nan. Ba su nuna ba tukuna."

"Allah sarki. Ƙara hawa, na saman ya fi taushi."

Da ya ɓace cikin rassa, Umma ta miƙa wa kowaccenmu ganye. "Ku tauna."

Muka tauna. Bauri, kamar an tauna bel ɗin wando.

"Akwai yauƙi?"

Babu.

Umma ta ce, "Ganyen kuka kamar yatsun hannu yake. Ɗanta guda ya kai kan jariri, yana reto. Gindinta sulɓi, ba wannan kaushin ba. A ƙauyenmu a ƙarƙashinta muka yi wasa. Wannan itace ne mai albarka, Allah ya ƙara masa rai, amma ba kuka ba ne. Wanda ya kwana ya tashi da ita a tsakar gida ba zai rungumi wannan ba."

Yaya ta ce, "Wataƙila ya manta."

"Bara ya zo, in ji shi," na ce.

Ta kalli sama, inda takalminsa yake leƙowa. "To ni ina za ni, Umma?"

"Inda za mu, nan za ki. Ban san ko ina ne ba. Amma ba zan sa ki a jirgi zuwa gidan da mai shi ma bai taɓa gani ba."

"Umma, buhun ya cika?" ya kwaɗo daga sama.

"Saura kaɗan, Malam. Sannu da ƙoƙari."

A hanyar dawowa ya tsaya a bakin teku ya saya mana soyayyen kifi, ya yi mana bayanin sinadaran da ke cikin kuka. Umma tana ta sa masa albarka. Yaya ta koma can bayan kujerata ta jingina da taga, inda madubi ba ya kamawa. Ya gyara madubin, ya sake gyarawa, har na ce ya bari kar ya ɓalle shi.

Da Juma'a ta wuce, Umma ta ɗaure bakin buhun ta aika wa kawunsa. Ta ce a gaishe su, ga kukar da ɗansu ya tsinko, su kaɗa miya. In ta yi yauƙi, su zo a sa rana.

Ba su zo ba.

Kwanakin baya na je yi wa wata amarya lalle a Ruwais, na hango shi a layin burodi da jallabiya da silifas, wata dattijuwa tana yi masa faɗa da Larabci daga taga. Na ɗaga masa hannu. Ya duƙa yana neman wani abu a ƙasa.

Maganar iƙama tana nan yadda take. Yaya kuma har yau hoton itacen ne a fuskar wayarta. Ta yanke Rafi'u daga ciki, sai dai 'yan yatsunsa da suka rage a jikin gindin.