Lungun Subhi

"Ki sake komawa, Widad," in ji Baba Fayiz. "Ki ce masa ba zan kai Juma'a ba."

Karo na uku ke nan yana aike na wurin ƙanensa Subhi. Bango ɗaya ya raba ɗakina da na Baba Fayiz a sansanin 'yan gudun hijira na Baddawi, ko tari ya yi a kunnena yake sauka. Na ajiye masa shayin da na san ba zai sha ba, na fita.

Shi da Subhi uwa ɗaya uba ɗaya suke. Tare suka shiga ƙungiyar gwagwarmaya da ƙuruciya, zamanin da kowa ke cewa baɗi war haka muna Falasɗinu. A shekarar tamanin da uku ƙungiyar ta dare gida biyu. Fayiz ya bi masu tawaye, yana cikin waɗanda suka yi wa sansaninmu ruwan wuta daga kan tudu. A ranar Subhi ya rasa ƙafarsa ta dama. Daga baya aka yafe wa Fayiz, ya dawo ƙungiya. Subhi kuwa shekara arba'in ko sallamarsa bai amsa ba.

Na sami Subhi a ƙofar gida, sandar dogarawa a kan cinya. Na faɗa masa saƙon. Ya ce in gaishe da yarana. Raina ya ɓaci, saura kaɗan in zage shi duk da furfurarsa.

Da na dawo sai na yi ƙarya, na ce yana tafe. Fayiz ya sa na juya masa fuska wajen ƙofa. A haka ya cika ranar Laraba da hantsi, yana kallon ƙofar. Har yau abin yana ci min rai.

Lungunanmu ba sa ɗaukar makara. A bargo ake fitar da mamaci, hannu da hannu, duk ƙofar da aka wuce mai gidan ya tallafa. Hanyar titi kuma ɗaya ce, ta gaban Subhi. 'Yan ƙungiya suka lulluɓe gawar da tutarsu, mu mata muna biye a baya.

Subhi ya gitta sandarsa a lungun, aka tsaya cak.

"Baba, don Allah, gawa ce fa," in ji jagoran 'yan ƙungiyar.

"Na gani, ba makaho ba ne ni, gurgu ne. Ku cire wannan ƙyallen. Da sunansa ya harbe ni, da sunansa na tsaya aka harbe ni. Ɗan uwata zan ɗauka."

Jagoran ya naɗe tutar, ya rasa inda zai sa ta.

Subhi ya dafa bango ya miƙe a kan ƙafa ɗaya, ya sa tafin hannu ƙarƙashin kan wansa.

"Yaya," ya ce a hankali, "ka rame."

Aka wuce da gawar. Ya daɗe a tsaye jikin bangon, hannun nasa a buɗe, sandar tana kwance a ƙasa.