Gonar Ciyawar Faustina

Ni dai tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin an shuka ciyawa ba sai a wurin Faustina, maƙwabciyata a Fadan Kagoma. Ciyawa fa! Gamba, wadda muke nomewa muna tsine mata. Shekarar da mijinta ya rasu ta bi tudun nan nasa mai tsakuwa, inda citta ta daina yi, tana dasa saiwar gamba layi-layi.

Ƙwaƙwa ta hana ni zama. Na bi ta na ce, "Maman Regina, lafiya kuwa?"

Ta yi dariya ta kai ni bayan ɗaki. Wai wani malamin gona a Kafanchan ya nuna mata: a ƙona busasshiyar ciyawa a cikin duro ba tare da ta zama toka ba, a kwaɓa da kunun rogo, a matse a guntun fayif, a shanya. Ta jefa dunƙule ɗaya a murhu. Wallahi ya ci kamar gawayi, ba hayaƙi. Ni da nake kai wa bakin rafi neman itace, sai na saki baki.

To, ga matsala. A wurinmu gonar da ciyawa ta rufe ta zama saura, kuma saura dangin miji take komawa. Obadiah, yayan mijinta, bai ɓata lokaci ba. Ya tattaro mai unguwa da dattawa har tudun. Faustina ba ta da wata ƙasa, ita da 'ya'yanta.

"Ku duba," in ji Obadiah. "Daji ne. Ciyawa ta fi ni tsawo."

"Ni na shuka, Baba," in ji Faustina.

"Wa yake shuka ciyawa?"

Dattawa suka yi ta kai-komo. Wannan ya ce gona sai abin ci, wancan ya tsuguna yana leƙen layukan. Raina ya ɓaci, na kusa sa baki.

Ana cikin haka sai ga Hammadu, Bafulatanin da ke kiwo a gefenmu, ya zo da ƙwaryar nono. Bai san me ake yi ba. Ya gaida mutane, ya ajiye sandarsa, ya durƙusa gaban Faustina.

"Inna, ki yi haƙuri. Jiya shanuna sun ɓalle sun shiga gonarki, sun ci gefen can."

Mai unguwa ya dube shi, ya dubi Obadiah.

"Na tsufa a garin nan," ya ce, "ban taɓa ganin makiyayi ya ba da haƙuri a kan ciyawar daji ba. Gona ce."

Obadiah ya kaɗe hularsa ya wuce. Faustina ta karɓi ƙwaryar. Ta ce wa Hammadu, "Ba komai, za ta sake tohowa." Sai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, ni ma na taya ta.