Tambaya ta Sha Huɗu

Ni sana'ata cika wa mutane fom. Shekara tara ina zaune a shago ɗaya: kwamfuta biyu, firinta mai cin takarda kamar akuya, da fankar da ba ta juyawa sai an zungure ta da biro. Fom ɗin aiki ne ko na makaranta, kafin ka gyara zama na kai shafi na uku. Wannan iyawar ce ta kai ni ta baro.

Ƙanwata, Auta muke ce mata, tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya. Tun tana aji biyu aka yi bincike a ɗakin kwanan ɗalibai, aka samu ƙwayoyi shida a jakarta, irin waɗanda yara ke haɗiya lokacin jarrabawa don kada barci ya ɗauke su. Babu takardar likita. Aka kai su kotu su huɗu, alƙali ya yi musu faɗa, ya ci su tara, kafin azahar sun dawo. Amma an rubuta sunanta, kuma ya zauna.

Bana wani babban asibiti ya ce zai ɗauki ɗalibai biyar tun kafin su gama. Auta ta zo shago da safe, ta ajiye min takardunta. A sama akwai shafi guda da ta rubuta da hannunta, ta bayyana abin da ya faru, ba ƙari ba ragi.

"Yaya, tambaya ta sha huɗu, wadda ta ce ko kotu ta taɓa kama ka da laifi, ka danna E, wato an taɓa. Sai ka haɗa da wannan."

"Ke kina da hankali kuwa? Wa ya taɓa tona wa kansa asiri a fom?"

"Malamarmu ta ce a faɗi gaskiya. Don Allah, Yaya."

Na ce to. Tana fita na danna A'a, na jefa shafin nata a durowa. Wallahi a lokacin ji nake na yi mata gata. Da yamma ta dawo sa hannu, ta fara buɗe shafuka, na fizge.

"Ni za ki duba wa aiki? Sa hannu ki ba ni wuri, mutane na jira."

Ta yi dariya ta sa.

Ita ta zo ta ɗaya a ganawar ɗaukar aikin, aka yi mata tayi. Mama har ta sa an ɗinka mata fararen kaya kala biyu. Sati shida bayan nan wasiƙa ta zo: an ga sunanta a kundin kotu, an janye tayin, kuma an sanar da hukumar da ke ba su lasisi cewa ta ba da bayanin ƙarya.

Ban gaya wa kowa ba, na rufe shago na tafi wajen shugabar ma'aikatan jinyar asibitin. Dattijuwa ce mai tabarau, ko kujera ba ta nuna min ba. Na fara kame-kame, wai ƙwaya shida ce kawai, wai yarinta ce.

"Malam, wa ya yi maganar ƙwaya? Akwai yaro a cikin biyar ɗin nan da ya rubuta irin wannan laifin, ga shi can yana aiki. Ni makullin ɗakin magani zan ba ta. In ta yi min ƙarya a takarda, a ina zan yarda da ita?" Ta cire tabarau. "Sau uku na tambaye ta ko wani ne ya cika mata fom ɗin. Ta ce ita ce da hannunta. Ko kai kana da wata magana?"

Rabin masu zuwa shagona ɗaliban makarantar su Auta ne. In aka ji ina canza wa mutane amsa, na kaɗe. Auta ta san haka. Ni ma na sani, shi ya sa na ce ba ni da magana, na yi godiya na fito.

A gida na tarar da Mama a falo, wasiƙar a cinyarta, Auta na zaune a ƙasa tana tsinke zaren labule.

"Ƙwayar na haƙura, na ce tsautsayi ne," in ji Mama. "Amma ƙarya? A gidan nan kika koya? Dubi yayanki, shekara nawa yana riƙe takardun jama'a, kin taɓa jin an kawo ƙararsa?"

Auta ta ɗago ta dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce da na ji sauƙi. Jira kawai take yi.

Na buɗe baki. Allah ya sani gaskiyar na yi niyyar faɗa. Abin da na ji ya fito shi ne, "Ki yi haƙuri, Mama. Ba za ta ƙara ba."

Auta ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba zan ƙara ba, Mama."