Harsashin da Ya Huda Tukunyar Wake

Harsashin ya huda tukunyar wake, ya fita ta bayanta, ya shige tudun ƙasa. Yatsana bai je kusa da kunamar bindigar ba. Harsashi kawai na sa, na tura sakata na rufe, bindiga ta tashi da kanta.

Ranar buɗe farautar aladun daji ce, da safe, a bakin kurmi, inda ƙungiyar mafarautan ƙauyenmu ke da bukka. A nan ake ɗora tukunya kafin kowa ya nufi inda zai tsaya. Bakin bindigata yana kallon tudu, nesa da mutane, yadda aka koya mini a makarantar aikin gandun daji a Kanada. Miyar wake ta riƙa tsiyaya cikin wuta. Baba Milutin, tsohon da ke mana girki, ya tsaya da ludayi a hannu yana kallon hujin.

"Tukunyar nan ta girme ki, Zagorka," in ji shi. "Ta ga yaƙi, ba wanda ya harbe ta sai ke."

Baffana Svetozar shi ne shugaban ƙungiya. Bai tambayi ko na ji ciwo ba. Gindin bindigar ya nuna.

"Ga shi nan. Na faɗa. An yanke wa bindigar ɗan'uwana gindi kamar burodi, yau ga sakamako."

Gaskiya ne na yanke. Bindigar mai arha ce, irin wadda kowane manomi ya saya a zamanin da, kuma Baba, mahaifina, dogo ne. Ni in na ɗora ta a kafaɗa sai na miƙe wuya kamar agwagwa. Na sa zarto na rage katakon, na goge da samfefa, na ɗaura roba. Na kuma kankare cikin katakon inda yake matse ƙarfe. Aikin ɗan koyo ne, bai yi kyau ba, amma ta zauna mini a kafaɗa. Kunamarta ban taɓa ba. Da na karɓo ta daga gidan Baffa, inda ta zauna tun rasuwar Baba, na ji kunamar ta yi sauƙi da yawa. Na tambaye shi. Ya ce haka ubana ya bar ta.

"Ke za ki zauna nan," in ji Baffa. "In mun dawo za mu yanke magana."

Na san maganar. In suka cire ni daga ƙungiya, izinin farauta ya tafi, bindiga ba za ta zauna a hannuna ba. Kuma ɗansa Gvozden yana tsaye a bayansa, shi da ya yi shekaru yana kallon bindigar nan kamar tasa.

"Kada ki damu, 'yar Kanada," in ji Gvozden. "Zan riƙe miki ita da amana."

Suka tafi da karnuka. Na ɗauko sukundireba a mota, na shiga bukka, na raba ƙarfe da katako a kan tebur. Ban daɗe ina nema ba. Duk cikin bindigar baƙi ne na tsufa, sai wuri ɗaya, ɗan haƙorin da ke riƙe harbi har a ja kunama. Wannan yana ƙyalli. An ci shi da magagari, kuma ba da daɗewa ba, don ko tsatsa bai fara ba. Baba ya yi shekara biyu a kwance kafin ya rasu, cokali ma ba ya iya riƙewa.

Na kira Baba Milutin ya gani. Ya duba, ya sosa wuya.

"Ai Gvozden ne. Yana yi wa mutane. Kwalba ɗaya ta barasar nan rakiya, ya mayar maka da kunama kamar man shanu."

"Mutum nawa?"

"Wa ya ƙirga? Ni ma ya yi mini."

Na mayar da bindigar yadda take, na zauna. Raina ya ɓaci. Da safen nan Baba Milutin yana tsaye taku kaɗan daga tukunyar.

Bayan azahar suka dawo, ba alade ko ɗaya, ba kuma wake. Burodi da albasa da ɗan cuku aka raba. Kowa ya rataye bindigarsa a bango, ya zauna da fuskar yunwa. Baffa ya miƙe ya fara jawabi a kan ɗan'uwansa: yadda ya riƙe bindigar nan shekaru aru-aru ba ta taɓa kunyata shi ba, yadda yaran yanzu ke tafiya ƙasar waje su dawo da zarto. Wasu suna gyaɗa kai. Cikinsu ban ga wanda ya leƙo Baba ba lokacin da yake kwance, in ban da Milutin.

"Ina ma guntun katakon da kika yanke?" in ji Baffa. "A ba ni in ajiye, ko shi ya tsira."

"Na hura murhu da shi, Baffa."

Bukka ta ɗauki guna-guni.

"Kun ji ko? Kun ji?" in ji Baffa.

Na miƙe. Na buɗe sakata, na nuna wa kowa ba harsashi a ciki, na rufe a hankali. Bakinta yana kallon rufi. Na ɗaga hannuna na dama sama don su gani, na buga gindin bindigar a daɓe. Ta ce ƙas, ta tashi da kanta ba a taɓa kunama ba.

"Yanka katakon ne ya jawo," in ji Gvozden.

"Katako ba ya riƙe harbi, Gvozden. Kai ka ci kunamar nan da magagari?"

"Gyara na yi. Da kamar jan jaki take. Ki tambayi kowa a nan, wa ya taɓa kuka da aikina?"

"Baffa ya ce mini haka Baba ya bar ta."

Baffa ya ce, "Yarinya, da babba kike magana."

"Na sani. Shi ya sa na yarda da kai da na tambaye ka."

Na juya wajen sauran. Na ce duk wanda Gvozden ya taɓa masa bindiga ya sauko da ita, ya tabbatar ba harsashi, ya buga yadda na buga. Babu wanda ya motsa. Wani ya ce ba za a mayar da shi ɗan makaranta ba. Wani ya ce a Kanada ne mata ke ba maza umarni.

Baba Milutin ya ajiye albasarsa, ya je bango ya ɗauko bindigarsa. Gindinta cikakke ne, zarto bai taɓa shi ba. Ya duba cikinta, ya rufe, ya buga. Ƙas.

Ya daɗe yana kallonta.

"Da wannan nake hawa tarakta, jikana a gefe," in ji shi. "Gvozden, ɗan banza, har rakiya na ba ka."

Daga nan suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Wasu bindigogin sun yi shiru, wasu sun amsa. Duk wadda ta amsa, mai ita sai ya juyo ya kalli Gvozden, shi kuma yana ta cewa ai ba haka ake buga bindiga ba, wa ke buga bindiga a ƙasa. Wani ya tuna masa cewa bara shi Gvozden ya faɗi a kan ƙanƙara da bindigarsa a kafaɗa, mutum uku a gabansa.

Ta Baffa kaɗai ta rage a bango.

"Tawa ba ta bukatar gwaji," in ji shi.

Ba a taɓa bindigar wani a wurinmu sai da izininsa, don haka ta zauna a rataye. Baffa ya gyara murya.

"Maganar tukunya muke yi. Harsashinki ne ya huda ta, ke za ki kai a liƙe. Kuma tunda ke sabuwa ce, daga yau matsayarki can ƙarshe, bakin titi."

Bakin titi alade ba ya bi. Can ake ajiye kurame da masu maye. Ban ji ya ambaci cirewa ba, kuma ba wanda ya tuna masa. Ƙaryar da ya yi mini ma ba wanda ya ambata.

"Na yarda, Baffa," na ce. "Can ya fi nisa da ku."

Na ɗauki bindigata, sakata a buɗe. Gobe zan kai ta birni wajen mai gyaran da ke da lasisi, ya sa sabon haƙori, tukunya kuma a bayan mota. Baba Milutin ya ce in biya ta gidansa in ɗauki bindigarsa ita ma.

Ina tayar da mota na hango Baffa ya fito a ƙarshen kowa. Kullum a kafaɗa yake rataya bindigarsa, a ɗure, ya sauka gangaren da sauri. Yau ya cire sakatar gaba ɗaya ya sa a aljihu, ya rungume bindigar da hannu biyu, yana taka ƙasa a hankali.