Guntayen Kyanwoyin Inna Turai

A zamanin da Katsina ke aika gaisuwa Sakkwato, akwai wata tsohuwa a Zakka mai suna Turai, wadda kyanwoyinta ke zuwa duniya da guntuwar wutsiya. Wajen kakarta ta gaji irin, kuma ba ta sayarwa. Kyauta take yi, bayan ta auna mutum.

Sammani mahaucin Safana ne, ɓeraye sun dame shi a ɗakin da yake ajiye kilishi. Ya tako har Zakka, ya durƙusa ya gaishe ta, ta tambayi iyali da mutanen kasuwa, sannan ta ɗauko wata kyanwa ta ɗora a cinya ta fara yi masa bayani. Ta ce ta ƙwarai kanta a dunƙule yake, kunnuwa a tsaye, ƙafafun baya sun ɗara na gaba kamar na zomo. Wutsiya kada ta wuce babban yatsa, kuma ta lanƙwashe a ƙarshe. Ta sa shi ya taɓa lanƙwasar. Ya taɓa, kyanwar ta yakushe shi.

"Ta kama ɓera, Inna?" in ji shi.

"Ban tambaye ta ba," in ji Turai.

Ta ba shi wata 'yar toka-toka, ya tafi da ita a kwando. Ɓera kam tana kamawa. Da damina ta faɗi kyanwar ta haihu a bayan randa, 'ya'yan duka da wutsiya zaro-zaro. Sammani ya dubi wuƙarsa, ya dubi 'ya'yan, ya mayar da wuƙar kube. Ya aika wa Turai labari.

Ran kasuwa sai ga ta a kan jaki. Ta ɗaga 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye, ta ce a nuna mata uban. Sammani ya kai ta bayan rumfar mahauta, inda wani ƙaton muzuru mai kunne ɗaya ke kwance, wutsiyarsa har cikin kwata. Ta daɗe tana dubansa.

"Ƙirjinsa ba laifi," ta ce. "Amma ba gidan da za a haɗa iri da shi ba ne."

Ta yanke cewa duk sa'ad da kyanwar ta fara kukan neman namiji, a kai ta Zakka wajen nata muzurun. Sammani ya ce to, don yana jin nauyinta. Haka ya riƙa yi, ya rufe rumfa, ya ɗauki kwando, kyanwa na ta kuka a hanya mutane na yi masa sannu. Sai dai kullum kafin ya isa, mai kunne ɗaya ya riga ya gama aikinsa. In haihuwa ta zo da dogayen wutsiyoyi, Turai takan ce jinkirin Sammani ne, shi kuma ya ce ƙaddara ce, sannan ya naɗe mata kilishi ta tafi da shi.